Ɗan Hakin da Aka Raina: Tarihin Ƙananan Jirage Masu Ido

Duk wanda ya tsaya kallon hawan sallah a Zariya ko Katsina a 'yan shekarun nan ya san sautin. Cikin kiɗan tambari da busar algaita da harbin 'yan bindiga, sai ka ji wani zuuu a saman kanka kamar taron ƙudan zuma ya taso. Ka ɗaga kai ka ga wani abu da bai fi faranti ba, mai farfela huɗu, ya tsaya cak a iska. Can gefe wani saurayi ya sunkuyar da kai a kan allon waya, manyan yatsunsa biyu a kan rimot. Ko ɗaga kai bai yi ba, amma ya fi kowa kallo. Yana ganin saman laimar sarki, yana ganin jerin dawaki tun daga na gaba har na baya.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To ga yaro bai hau rimi ba, ga shi kuma yana ganin abin da shekara 40 da suka wuce sai janar ɗin sojan babbar ƙasa ke iya gani. Irin wannan na'urar da ke hannunsa ita ce a jakar soja a fagen daga, ita ce kuma a bayan motar 'yan sanda a birane da dama na duniya.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙaramin jirgin ɗan babban ne, wato sojoji suka ƙera manyan jirage marasa matuƙa, aka yi ta rage musu girma har suka shiga jaka. Da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Hanyoyi biyu aka biyo. Ɗaya ta taso daga bariki, ɗaya daga kantin kayan wasan yara, kuma ta biyun ce ta riga isowa hannun jama'a.

Tattabara mai kyamara

Kwaɗayin ganin ƙasa daga sama ya girmi jirgin sama kansa. A 1858 wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto da ake yi wa laƙabi da Nadar ya shiga kwandon balan-balan, ya ɗauko hoton wani ƙauye kusa da Paris. Shekara 50 bayan haka wani Bajamushe mai haɗa magunguna a garin Kronberg, Julius Neubronner, ya zo da dabarar da ta fi kama da abin da muke gani yau. Yana kiwon tattabaru masu kai masa saƙon magani. Sai ya ƙera wata 'yar kyamara marar nauyi, ya ɗaura wa tattabara a ƙirji da 'yan maɗaurai, ya sa mata abin ƙidayar lokaci domin ta ɗauki hoto da kanta. A 1908 aka ba shi takardar mallakar dabarar. A wasu hotunan har ana ganin bakin fukafukan tsuntsuwar a gefe da gefe.

Sai dai tattabara gida ta sani. Ba a ce mata ta karkata hagu ta leƙo bayan wancan tudu, kuma sai ta dawo an wanke hoto kafin a san me ta gani. Waɗannan matsaloli biyu, sarrafa abin daga ƙasa da ganin abin da ya gani nan take, su aka shafe kusan ƙarni guda ana warwarewa.

Hanyar bariki

Jiragen farko marasa matuƙa makafi ne, da yawansu don a harbo su aka yi su. A 1935 sojojin Birtaniya suka fara amfani da wani jirgi da ake sarrafawa da rediyo, mai suna Queen Bee, wato sarauniyar ƙudan zuma, domin masu manyan bindigogi su koyi saiti a kansa. Ana alaƙanta sunan drone da Turawa ke kiran irin waɗannan jirage da shi da wannan jirgin, domin asalin kalmar na nufin namijin ƙudan zuma. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Radioplane na Amurka ya ƙera irin waɗannan jiragen koyon harbi kusan 15,000.

A yaƙin Biyetnam aka ba su ido. Daga 1964 zuwa 1975 jiragen kamfanin Ryan sun yi shawagin leƙen asiri fiye da sau 3,400. Amma har lokacin mafi yawansu halin tattabara suke da shi: jirgi ya je ya dawo, ya sauko da lema, a ciro fim a wanke.

Isra'ila ce ta haɗa ido da waya. Bayan asarar jiragen yaƙi da ta yi a 1973, ta ƙera wasu jirage biyu, Mastiff da Scout, masu aiko da hoton bidiyo kai tsaye. A watan Yunin 1982, a kwarin Bekaa na ƙasar Labanan, waɗannan jirage suka gano inda Siriya ta girke makamanta na kakkaɓo jirage, aka ragargaza mafi yawansu cikin yini guda. Amurka ta ga haka ta sayi dabarar. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, sojojin Iraƙi a tsibirin Failaka suka ji ƙugin wani jirgi marar matuƙi mai suna Pioneer. Sun riga sun san cewa duk inda ya gifta ruwan wuta ne ke biyo baya daga jirgin ruwa, sai suka hau ɗaga fararen ƙyallaye, suna miƙa wuya ga inji.

Daga nan sai Predator, wanda ya fara tashi a 1994. Asalinsa aikin Abraham Karem ne, injiniya haifaffen Bagadaza da ya girma a Isra'ila, ya fara ƙere-ƙerensa na Amurka a garejin gidansa. A 2001 aka ɗaura masa makami mai linzami. Irinsa ne ake kira kurman jirgi a wasu kafofin labarai na Hausa. Amma kurman jirgi kayan gwamnati ne. Faɗin fukafukansa ya kusa mita 15, yana buƙatar titin tashi da tauraron ɗan'adam da ayarin ma'aikata. Mutanen Agadas sun ga irin hidimar da ake yi wa manyan jiragen: Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 a sansanin da ta gina musu a can, ta kuma tattara ta bar shi a 2024.

Shi kuwa sojan ƙasa da ke maƙale a jikin katanga, damuwarsa ɗaya ce: me ke bayan wannan katangar? Kamfanin AeroVironment ya ba shi Raven, wato hankaka, wanda ya shiga aiki wajen 2003. Nauyinsa bai kai kilo 2 ba, da hannu ake cilla shi sama kamar mashi. Sai kuma wanda ya fi kowanne ƙanƙanta. A lardin Helmand na Afganistan gidaje na ƙasa ne masu dogayen katangu, kusan irin na tsofaffin unguwanninmu. Sojan Birtaniya zai tsuguna, ya buɗe wata 'yar jaka a ƙugunsa, ya zaro wani ɗan jirgi mai saukar ungulu da tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, nauyinsa giram 16. Ya riƙe shi da yatsu biyu, ya sake shi. Abin ya haye katanga shiru, sojan yana kallon tsakar gida a wani allo da ke hannunsa. Sunansa Black Hornet, baƙin zirnaƙo. A farkon 2013 Birtaniya ta bayyana cewa ta ba da kwangilar fam miliyan 20 domin a kawo mata 160.

Kamfanin Prox Dynamics na ƙasar Norway ne ya ƙera zirnaƙon, kuma wanda ya kafa shi, Petter Muren, da ƙirar helikwaftan wasan yara ya yi suna. Ashe ko a cikin barikin, da aka zo neman ƙarami, wurin mai kayan wasa aka je. Tsadarsa kuwa ta bariki ce. Babu mai ɗaukar hoton biki da zai iya tunkararsa.

Hanyar kasuwa

Dabarar farfela huɗu tsohuwa ce. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Bréguet sun gwada ta a Faransa tun 1907, kuma a 1924 Étienne Oehmichen ya zagaya kilomita guda da irin wannan jirgi. Aka watsar da ita saboda dalili ɗaya: hannun mutum ba ya iya daidaita ta. Farfela biyu suna juyawa dama, biyu suna juyawa hagu. In ana son jirgin ya yi gaba, sai na baya su ƙara gudu ya sunkuya. In iska ta bugo daga gefe, dole a gyara gudun kowace ɗaya sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, in ba haka ba ya kife. Ka dubi yarinya mai talla da tire a ka tana tsallake kwata. Wuyanta yana gyara zaman tiren ba tare da ta yi tunani ba. Irin wannan wuyan ne jirgin ya rasa shekara 80.

Wayar salula ce ta ba shi. 'Yar na'urar nan da ke sa hoto ya juya in ka kwantar da waya, ita ke jin karkata da motsi. Da kamfanonin waya suka shiga gasa bayan 2007, aka riƙa ƙera ta miliyan bisa miliyan har kuɗinta ya faɗi warwas. Haka batir marar nauyi, haka 'yar kyamara, haka na'urar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam ta faɗa maka inda kake. Babu wanda ya yi su domin jirgi. Masu wasa da jirage suka tarar da su a kasuwa, suka tsince.

Wani matashi ɗan ƙasar Meziko, Jordi Muñoz, ya farke rimot ɗin wasan Nintendo Wii, ya ciro na'urar jin motsin ya dasa wa ɗan helikwaftansa. Ya haɗu da Chris Anderson, editan mujallar Wired a lokacin, a dandalin masu wannan sha'awa da Anderson ya buɗe a intanet a 2007, suka kafa kamfanin 3D Robotics a 2009. A watan Janairun 2010 kamfanin Parrot na Faransa ya nuna AR.Drone a bajekolin Las Vegas, jirgin wasa mai kyamara da ake tuƙawa da iPhone.

Wanda ya ci kasuwar kuwa daga ƙasar Sin ya fito. Wang Tao, da aka fi sani da Frank Wang, a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong, mai son jiragen wasa tun yana yaro. A 2006 ya kafa kamfanin DJI, ya zauna a Shenzhen, birnin da ake ƙera kayan waya, inda duk abin da injiniya ya zana da safe zai iya samun mai yi masa shi a kusa. Ya yi shekaru yana sayar da ƙwaƙwalwar jirgi kawai ga masu harhaɗa nasu. A watan Janairun 2013 ya fito da Phantom, fari, a harhaɗe cikin kwali, a kan kuɗin da bai kai dala 700 ba. Ka saki rimot ya tsaya inda yake. Sigina ta yanke ya juyo gida da kansa. Daga baya aka rataya masa kyamara a wani maƙali mai hana girgiza. Wanda ya taɓa riƙe kaza ya juya jikinta, ya ga kanta yana nan daram wuri guda, ya fahimci yadda maƙalin ke aiki.

A 2016 aka fito da Mavic, mai naɗe hannuwa ya shiga jaka. A 2019 aka yi ƙaninsa mai nauyin giram 249. Ba banza aka zaɓi wannan adadi ba: dokokin ƙasashe da dama daga giram 250 suke fara neman rajista. Abokan gasa na Amurka suka sha ƙasa. GoPro ya janye jirginsa Karma daga kasuwa a 2016 saboda yana mutuwa a sama ya faɗo, 3D Robotics ya daina ƙera na jama'a. DJI ya riƙe kusan kashi 70 cikin 100 na kasuwar duniya.

A hannun hukuma da 'yan kasuwa

'Yan sanda sun karɓi abin da wuri, har suka riga doka. A watan Fabrairun 2010 'yan sandan Merseyside a Ingila suka yi amfani da ƙaramin jirgi mai kyamarar ganin zafin jiki, suka zaƙulo wani da ake zargi da satar mota a cikin ciyayi. Ana cikin murnar kamu na farko irinsa a ƙasar, sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta lura cewa ba su da izinin tashinsa. Dole suka ajiye shi.

A watan Mayun 2013, a lardin Saskatchewan na Kanada, motar wani mutum ta ƙwace ta wuntsila da dare cikin tsananin sanyi. Ya fito a ruɗe ya nausa daji. Helikwafta ya zagaya bai gan shi ba. 'Yan sanda suka tashi wani ƙaramin jirgi ƙirar Draganflyer, sai ga wani ɗan haske a allo, ɗumin jikin mutum a dunƙule a gindin bishiya. Ana lissafa shi a matsayin mutum na farko da ƙaramin jirgi ya yi sanadin ceto ransa. A 2018 'yan sandan Chula Vista a jihar Kalifoniya suka fara tura jirgi daga rufin ofishinsu da zarar an yi kiran gaggawa, ya riga motar sintiri isa. A 2019 'yan kwana-kwana sun dogara da hotunan irin waɗannan jirage wajen saita ruwa a gobarar majami'ar Notre-Dame. Shekara guda bayan haka, a wannan birni na Paris, babbar kotun harkokin mulki ta umarci 'yan sanda su daina shawagi a kan jama'a da sunan sa ido kan dokar kullen korona, domin babu dokar da ta kare sirrin waɗanda ake ɗauka.

A ɓangaren kasuwanci, abin da ya fi cika kunnuwa shi ne alƙawarin da Jeff Bezos ya yi a 2013 cewa Amazon zai riƙa kai kaya ƙofar gida da jirgi. Wannan ya yi tafiyar hawainiya. Inda kai kayan ya yi tasiri shi ne wurin jini da magani: kamfanin Zipline ya fara a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, daga baya ya iso jihar Kaduna. Amma ribar gaske a gani take. Masu shirya fim sun huta da hayar helikwafta. Masu awon filaye suna gama aikin mako a yini. Ana duba turakun lantarki da bututun mai da gonaki ba tare da an hau ko an taka ba. Zanzibar ta zana taswirar tsibiranta da ƙananan jirage daga 2016, Malawi kuma ta buɗe makarantar koyar da wannan sana'a a 2020.

Abin da ya yi araha kowa na iya saye, har da wanda bai kamata ba. A 2015 wani Phantom ya faɗo a harabar fadar shugaban Amurka, aka kuma tsinci wani a rufin ofishin firaministan Japan. A watan Disamban 2018 rahotannin ganin ƙaramin jirgi suka sa aka rufe filin jirgin saman Gatwick na Landan, tafiyar fasinja kusan 140,000 ta lalace, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Gwamnatoci suka shiga laluben mafita. 'Yan sandan Holan har gaggafa suka horar ta riƙa cafko jirage, suka watsar da shirin a 2017. A Najeriya, tun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta hana tashinsu sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Mahaɗar hanyoyin biyu

A birnin Mosul na Iraƙi, tsakanin 2016 da 2017, hanyar kasuwa ta shigo bariki ta ƙofar baya. Mayaƙan ISIS suka sayi jiragen kanti, suka ɗaura musu gurneti, suka riƙa sakowa a kan sojoji. Rundunar da ta saba kallon abokan gaba daga sama ta wayi gari ita ake kallo. Su kansu sojojin Amurka sai da aka hana su amfani da DJI a 2017 saboda tsoron inda bayanai ke zuwa, wanda ya nuna cewa tuni suka koma saye a kanti.

Yaƙin Rasha da Yukiren ya kai abin maƙura. A watan Afrilun 2022 DJI ya ce ya dakatar da ciniki a ƙasashen biyu, amma Mavic bai daina isa ramukan daga ba, har ana yi masa ba'a da jirgin biki. Wata cibiyar nazarin tsaro ta Birtaniya, RUSI, ta ƙiyasta a 2023 cewa Yukiren na asarar jirage kusan 10,000 kowane wata. Sai aka koma ga jiragen tsere, waɗanda matuƙinsu ke sa tabarau ya riƙa gani kamar yana ciki. A ɗaura wa na 'yan ɗaruruwan daloli bam, ya bi tankar miliyoyin daloli ya shige mata. Da aka fara toshe sigina, sai aka ɗaura musu siririn zaren gilashi mai tsawon kilomitoci, suna tafiya suna warware shi kamar gizo-gizo. Ranar 1 ga Yunin 2025 Yukiren ta ce ta yi amfani da ƙananan jirage 117 da aka ɓoye a manyan motoci, ta kai hari kan jiragen yaƙin Rasha har a Siberiya, fiye da kilomita 4,000 daga iyakarta. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido.

Dabarar ba ta tsaya can ba. A yankin Tafkin Chadi mayaƙan ISWAP sun daɗe suna leƙen sansanonin soja da jiragen kanti, kuma daga ƙarshen 2024 aka fara samun rahoton sun kai hari da su a jihar Borno.

Gulma da tsegumi

Da rundunar sojan saman Najeriya ta ƙera nata jirgin leƙen asiri ta nuna shi a Kaduna a watan Disamban 2013, sai ta sa masa suna Gulma. Wanda ya biyo baya a watan Fabrairun 2018 aka kira shi Tsaigumi. Duk wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya gane abin tun daga tushe. Aikinsa ya ga abin da ba a nuna masa ba, ya kai wa wanda ya aike shi. Alherinsa da sharrinsa suna ga mai aiken da kuma wanda aka leƙa.

Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan yarda cewa ido daga ƙasa yake zuwa. Shi ya sa aka yi katanga, aka yi zaure, aka karkata ƙofar ciki yadda baƙo ba zai hango tsakar gida ba. Sama aka bar ta a buɗe domin babu mai zuwa ta can sai rana da ruwa da shirwa. Magini ma in zai hau soro yakan aika a faɗa wa maƙwabta, domin mata su kimtsa. Shi wannan abu mai giram 249 ba ya sallama, ba ya aike, kuma daga ƙasa ba ka iya bambance na ɗan sanda da na mai ɗaukar biki da na ɓarawon da ke ƙidaya shanu. Dokar izini tana kan takarda, amma ladabin hawa sama da magini ya gada bai riga ya isa hannun mai rimot ba. Saurayin nan na filin hawa zai naɗe jirginsa ya sa a jaka in an tashi. A hanyarsa ta komawa gida, katangu nawa zai wuce?